Kafin husufin rana na gaba, ku tanadi kwali

Jama'a, shawara ce, musamman ga masu yara. In an ce za a yi husufin rana, kada kowa ya ɗaga kai ya kalle ta, ko da baƙin tabarau. Kallonta a cikin kwanon ruwa ma, da muka yi a Gombe ranar 29 ga Maris 2006, ashe ganganci ne. Hasken na iya ƙona ido ba tare da ka ji zafi ba.

Ku huda kwali da allura, ku ba rana baya, hasken ya ratsa hujin ya sauka a kan farar takarda. Za ku ga rana ƙarama, an gutsure mata gefe. Ko ku duba inuwar darbejiya a ƙasa, duk ta cika da 'yan lauje-lauje.

Wata ne ke gittawa tsakaninmu da rana, shi ya sa sai a ƙarshen wata ake yinsa. Na wata kuwa sai daren sha huɗu ko sha biyar, in inuwar duniya ta rufe shi. Wannan kam ku shimfiɗa tabarma ku kalla son ranku, ba ya cutar da ido.