Idan ɗan gidanku ya ce jinsin da aka haife shi da shi ba nasa ba ne

Kafin ƙaninka ko ɗanki ya furta wannan magana, ya daɗe yana juya ta a zuci, sau da yawa shekaru. A zaman farko ka saurara har ya gama, ka ce masa, "Na ji, kuma har gobe kai namu ne." Ba dole ka fahimci komai ranar ba. Duka da kora su ke jefa yaro a titi, hannun masu cin zarafi.

Ka riƙe sirrin. Kada baffa ko gwaggo su ji sai da izininsa, balle zauren WhatsApp na dangi. A Najeriya wannan maganar tsaro ce: dokar 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi ɗaya, kuma mutanen unguwa ba sa bambance mai jin jinsinsa ba nasa ba ne da mai neman jinsi ɗaya. A Kano, Hisba na kama namijin da ya yi shigar mata. Akwai kuma masu yaudara ta intanet, su ɗauki hoto su riƙa tatsar kuɗi, don haka a sa wa waya makulli.

Ka tambaye shi wane suna yake so, ko a ce masa "kai" ko "ke", kuma a gaban wa.

Ka yi tambayar nan kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta cusa tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke fiya-fiya da ƙwayoyi daga ɗakin, a kai shi asibiti. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire halin jin cewa jinsin haihuwa ba na mutum ba ne daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa. Damuwar da ƙyama ke haifarwa ita ce abin magani.

Babban haɗari shi ne sayen maganin sauya jiki a kemis. Wasu na shan ƙwayar tazarar haihuwa don nono ya fito, alhali sinadarinta na sa jini ya yi guda, musamman ga mai shan taba. Kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi na nufin asibiti nan take. Allurar sinadarin maza kuwa tana sa jini kauri. Duk mai amfani da su yana bukatar likita da gwajin jini kowane wata 3 a shekarar farko. Mai ɗaure ƙirji don ɓoye nono kada ya wuce awa 8, kada ya kwana da shi, kuma ban da bandeji, don yana takura numfashi yana raunata haƙarƙari.

Auren dole ba ya canza shi, sai dai ya ƙara yawan waɗanda aka cuta. Addu'a alheri ce, amma gidan mari da bulala da sunan cire aljani azaba ce.

In akwai mai yi masa barazana a gida, ka tanadi wurin wani amintacce da zai koma, ka ajiye masa takardun makaranta, katin ɗan ƙasa da kuɗin mota.