Yadda ake shuka yasmin a tsakar gida a Kumasi

Mutane da dama sukan ga hoton yasmin mai fure ruwan ɗorawa ya lulluɓe katanga a Ingila, sai su ƙudurta sai sun dasa irinsa. Wannan shi ne yasmin ɗin lokacin sanyi, wanda masana ke kira Jasminum nudiflorum. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, Robert Fortune ya kai shi Ingila a 1844. Yakan zubar da ganye, ya yi fure a kan tsirarun rassa a tsakiyar sanyi, kuma ba shi da ƙamshi. Sanyi mai ratsa ƙashi ne ke tayar masa da fure, hunturun Kumasi kuwa bai kai nan ba. Shawarata a bar wa 'yan'uwa na Landan da Hambug, su dai su riƙa datse shi da zarar ya gama fure, tunda a kan rassan bara yake fitar da na bana.

Wanda ya dace da mu shi ne farin yasmin, Jasminum sambac, furen ƙasa na Filifin. Zafi da laima yake so, mu kuma Allah ya hore mana su.

Fara da neman reshe. Ba sai ka sayi dashe ba in akwai maƙwabci mai shi, a unguwar Aboabo ko Asawase ba a rasawa. Da sassafe ka yanko reshen da ya fara ƙwari, ba ɗanye sharaf ba, ba kuma tsohon da ya zama itace ba. Tsawonsa santimita 10 zuwa 15, yankan ya faɗa ƙasa kaɗan da gaɓa, domin daga gaɓar saiwa ke fitowa. Cire ganyen ƙasa, ka bar biyu a sama. Yanko huɗu ko biyar, ba duka ke kamawa ba. Lokacin da ya fi shi ne farkon damina, Afrilu zuwa Yuni, sai kuma ƙaramar damina ta Satumba.

Maganar ƙasa ita ce inda aka fi yin asara. Jar ƙasar Kumasi tana riƙe ruwa, garin kuma yana samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, saiwar yasmin kuwa ruɓewa take yi in ta daɗe cikin caɓi. Haɗa baƙar ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Kashin kaji ɗanye yana ƙona saiwa, sai wanda ya daɗe ya huce har warinsa ya tafi. Gidajen zango yawanci siminti ne daga ƙofa har bayan ɗaki, don haka ka yanke galan ɗin Kufuor, wato babbar jarkar nan ta roba mai ruwan ɗorawa, ko tsohon bokiti, ka huda gindinsa wuri biyar ko shida, ka zuba gutsattsarin gawayi kafin ƙasa. Ɗora shi a kan bulo biyu ruwa ya samu hanyar fita.

Soka rassan har rabinsu ya shige, ka danne ƙasar da yatsa, ka yayyafa ruwa. Kifa musu robar ruwa da aka yanke gindinta, ka ajiye a inuwa mai haske. Cikin mako huɗu zuwa shida za ka ga sabon toho. Kada ka riƙa tuge su don duba saiwa, haƙuri ake yi. Akwai hanyar da ta fi wannan tabbas: ka lanƙwaso reshen uwar shukar ba tare da ka yanke shi ba, ka ɗan kankare bawonsa, ka binne wurin ka danne da dutse, in ya yi saiwa ka yanke.

Da ya kama, fitar da shi rana sannu a hankali, har ya riƙa samun kamar awa shida a yini. A inuwa ganye kawai zai yi ta yi. Kafin ban ruwa, tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ka ƙyale shi. A tsakiyar damina sau da yawa ba ya bukatar komai, amma daga Disamba zuwa Fabrairu, in iskar hunturu ta taso, tukunya kan bushe a yini guda. Ba shi ruwa da safe, ka kuma wanke masa ƙurar ganye.

Kada ka ji tausayin almakashi. A kan sabon toho wannan irin ke fure, saboda haka duk lokacin da ya gama zubar da furanni ka rage kan rassan, ka ƙara taki cikin tafin hannu ɗaya. Kafa masa sanda ko waya in kana so ya hau katanga.

Leƙa bayan ganye kowane mako. In ka ga fararen ƙwari kamar auduga sun manne a gaɓoɓi, jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana, ka tace, ka narka ɗan sabulun salo a ciki, ka fesa da yamma, bayan mako ka maimaita. In kuma da awaki ko ragon layya a gidan, kewaye shi da ragar waya tun ranar da ka fitar da shi rana.