Darasi na Bakwai: Abin da Ya Rage Bayan An Ɗebe Nama

Duk wanda ya taɓa shiga kwata da sassafe ya san cewa nama ba shi ne kaɗai abin da ake samu a jikin dabba ba. Bayan mahauta sun gama fiɗa, akan bar fata da jini da ƙashi da ƙaho da kofato da kitse, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana da masu jiransa. Fata tana tafiya wurin majema, ko dai na gargajiya masu jima da bagaruwa, ko kuma manyan masana'antu irin na Challawa da Sharaɗa a Kano. Jini ana dafa shi a shanya, ƙashi kuma a ƙona ko a turara a niƙa, a zuba garinsu cikin abincin kaji. Kitse ana narkar da shi a yi sabulu.

A ƙasashen Turai akwai masana'antun da ba su da aiki sai narkar da irin wannan saura a manyan tukwane masu rufi. Rashin kula a wannan aiki ya taɓa jawo babbar masifa a Birtaniya, inda aka riƙa ciyar da shanu da garin nama da ƙashin 'yan uwansu, har cutar haukan shanu ta bayyana a 1986. An hana wannan ciyarwa a 1988, amma a 1996 hukuma ta bayyana cewa cutar tana iya kama mutanen da suka ci naman, aka kuma hallaka miliyoyin shanu. Saniya ciyawa aka halitta mata, don haka kada makiyayi ya ba shanu ko tumaki ko awaki abincin kajin da aka haɗa da garin nama.

Abin da ya fi shafar mai kiwo a gida shi ne fata, domin fata ba ta ɓoye irin riƙon da aka yi wa dabba. Dillali yakan shimfiɗa ta, ya ɗaga ta wajen haske, ya bi ta da yatsa. A nan zai ga ƙananan huji inda kaska ta daɗe tana shan jini, ya ga tabon kirci, ya ga shaidar tsumagiya da ta lalas, da gurzuwar da ake samu idan an cusa dabbobi a mota fiye da kima har suna taka juna. Kowane tabo yana rage kuɗi. Jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi, waɗanda fatarsu ta yi suna tun zamanin da fatake ke ratsa Sahara da ita zuwa Maroko, ba za su amfani mai su da wannan suna ba idan ya bar su da ƙazwa. Wanda zai sa wa dabbarsa alama, gara ya sa a kunne, kada ya ƙona gadon baya inda fata ta fi daraja.

Ranar yanka ma tana da nata ladabi. A bar dabba ta huta ta sha ruwa, kada a ja ta a ƙasa, a wasa wuƙa nesa da idonta kamar yadda addini ya koyar, kuma kada a fara fiɗa sai rai ya gama fita.

Akwai kuma inda kuɗin fata ke zama sanadin wahalar dabba. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani ƙullu na magani, kuma wannan kasuwa ta sa aka riƙa sace jakuna ana kora su tafiya mai nisa ba ci ba sha, tunda mai saye fata kawai yake so. A watan Fabrairu na 2024 Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna saboda fatarsu.

Mushe kuwa ba a fiɗe shi don kwaɗayin fata, musamman idan dabba ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko ta dubura, domin wannan alama ce ta ciwon saifa, wanda yake kama mutum ta fata da ganda. A kira malamin dabbobi, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a binne ta da fatarta.