Yadda ake tantance hoton dattijo da gyara shi ba tare da an sauya masa kamanni ba

Hoton dattijo yana da nauyin da hoton saurayi ba shi da shi, domin sau da yawa shi ne wanda iyali za su sa a firam su rataye a falo, shi za a buga a kalanda, kuma shi jikoki za su riƙa nunawa idan ana labarin kakansu. Saboda haka duk wanda aka ba aikin dubawa ko gyara irin wannan hoto, ko a studiyo yake a Titin Ahmadu Bello da ke Kaduna ko da wayarsa yake aiki a unguwar Rigasa, ya kamata ya riƙe ma'auni guda, wato idan 'ya'yan mutumin suka kalli hoton su ga mahaifinsu a ranar da yake cikin ƙoshin lafiya, kada su ga wani baƙo mai kama da shi.

Aikin yana farawa da kallo, kafin a taɓa komai. Ka buɗe hoton ka lura da inda idonka ya fara sauka. Idan ya sauka a kan jan bokitin da ke bayan Baba, ko kalandar ɗan siyasa da ke bangon zaure, ko wayar lantarkin da ta ratsa ta bayan rawani, to akwai abin da yake takara da fuskar, kuma sai an rage masa ƙarfi ko an datse shi. Daga nan ka zuƙo hoton zuwa kashi 100 ka duba idon da ya fi kusa da kyamara. Idan ya fito tar, akwai abin yi. Idan kuwa kaifin hoton ya faɗa a kan hanci ko a kan aikin hula, ido ya yi dishi-dishi, babu manhajar da za ta mayar da abin da kyamara ba ta kama ba, sai dai a zaɓi wani daga cikin waɗanda aka ɗauka, ko a koma a gaida dattijon a ce, "Baba, a yi mana haƙuri, muna so mu sake ɗauka."

Sai yanayin fuska, wanda a nan masu suka da yawa suke kuskure. Dattawanmu da dama ba sa murmushi a gaban kyamara, domin a wurinsu kamewa ita ce mutunci, kuma rashin fara'a a hoton Malam ba aibi ba ne da za a rage wa mai ɗauka maki a kansa. Abin lura shi ne bambanci tsakanin kamewa da gajiya, ko hoton da aka ɗauka yana tsakiyar magana baki a karkace, ko ido rabi a rufe. Haka nan a duba daga inda aka ɗauka. Dattijo yakan zauna a kan tabarma ko buzu, mai hoto kuma ya tsaya a kansa, sai kan ya yi girma, jiki ya ƙanƙance, mutumin ya fito kamar mai roƙo. Da mai ɗauka ya durƙusa, yadda dai ake yi wajen gaisuwa, har kyamara ta daidaita da idon dattijon, da matsalar ba ta taso ba. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana da faɗin gani daidai da na milimita 24 zuwa 26, kuma idan aka matso da ita kusa da fuska takan kumbura hanci ta tura kunnuwa baya, shi ya sa masu sana'ar suke son gilashin kyamara na milimita 85, mai jawo abu kusa, su tsaya nesa kaɗan.

Idan hoton na wani ne ya kawo maka, "ya yi kyau" ba ta ƙare shi da komai, haka ma "bai yi ba". Ka faɗa masa abin da ya yi daidai da dalilinsa, sannan ka nuna abu ɗaya ko biyu da suka fi cutar da hoton, misali ka ce hasken ƙofa ya zauna da kyau a kuncin Hajiya amma farin mayafin ya ƙone har ba a ganin saƙarsa. Sukarka ta tsaya a kan haske da tsari da gyara, kada ta taɓa halittar wanda ke cikin hoton, domin uwar wani ce ko uban wani.

In an zo gyara, a yi aiki a kan kwafi, a ajiye na asali. Wanda kyamararsa ko wayarsa take ɗaukar RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da na'ura ba ta sarrafa ba, ya yi amfani da shi, saboda JPEG, tsarin hoton da aka saba da shi, mataki 256 kacal yake ajiyewa tsakanin baƙi da fari a kowane launi, alhali RAW yana ajiye dubbai, kuma wannan rarar ce take ceton hoto idan aka haɗa baƙar fata da farar babbar riga. Wannan haɗin shi ne ciwon kan mai hoto a Kaduna, musamman ranar Juma'a da ranar Sallah. Ma'aunin hasken kyamara yana ganin farin shadda mai ƙyalli sai ya rage haske gaba ɗaya, fuska ta nutse cikin duhu, in kuma aka ƙara haske don fuska, rigar ta zama farin fili. Hanyar da ta fi ita ce a raba aikin biyu. A fara rage ƙarfin wuraren da suka fi haske har aikin wuyan rigar ya dawo, a iya ganin zaren aska takwas ko duk irin ɗinkin da ke jiki, sannan a ware fuskar ita kaɗai da burushi, wanda akwai shi a manhajojin gyaran hoto irin su Lightroom da Snapseed, a ɗaga haskenta kaɗan. Ɗaga haske daban ne da sauya launin fata. Idan Alhaji baƙi ne wuluk, ya fito baƙi mai sheƙi, kada a mayar da shi wankan tarwaɗa da sunan gyara.

Launi yana buƙatar ido mai shakka. Inuwar dogon yaro ko mangwaro takan zuba kore a fuska, koren fentin zaure ma haka, kwan lantarki mai ruwan ɗorawa yakan sa fata ta yi ja. A ma'aunin launin haske da ake kira Kelbin, hasken rana tsaka yana wajen 5500, irin wancan kwan kuma wajen 3000, inuwa tana haura 7000, don haka hoton da aka ɗauka a bakin ƙofa da fitila a kunne yana ɗauke da haske iri biyu, sai an daidaita kowane ɓangare da kansa. Kada a dogara da farar riga wajen saita fari, domin yawancinsu an sa musu bula a wanki, kuma idan manhaja ta cire wannan shuɗin sai fuska ta koma ruwan lemo. Kada kuma a ɗauka abin da na'ura ta zaɓa da kanta shi ne gaskiya. Shekaru da yawa kamfanin Kodak yana ba masu wanke hoto katin gwaji mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, sai a tsakiyar shekarun 1990 ya fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Na'urori sun inganta tun daga lokacin, amma wanda ya san mutumin ido da ido shi ne alƙali.

Fata ita ce inda ake yin ɓarna mafi yawa, kuma ƙa'idar da na fi gamsuwa da ita mai sauƙi ce: abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu ana iya share shi, abin da ya zauna tare da mutum shekara da shekaru nasa ne. Ƙurji, yankan aska, zaren da ya maƙale a gemu, fashewar leɓe da furu-furun da hunturu yake sa wa fata daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk waɗannan a cire su babu laifi. Tamoji kuwa, da furfura, da tabon sujada a goshi, da haƙorin Makka, da jan lallen da ke gemu ko tafin hannu, da kwallin da ke ido, ba datti ba ne. Zanen fuska ya fi kowanne cancantar a kiyaye shi. Dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ta hana yi wa yaro zane a fata, al'adar ma tana ta ja da baya tun kafin nan, ke nan fuskokin tsofaffi su ne kusan wurin ƙarshe da ake ganin bille da kalangu da sauran askar da take nuna asalin mutum. Mai gyaran da ya goge su ya goge abin da jikoki za su so su tambaya a kai. Jan goro a haƙori shi ne wurin da ake iya samun saɓani, kuma a ganina a rage masa kaifi kaɗan ya wadatar, domin fararen haƙora ƙal a bakin mai shekara 80 da kowa ya san shi da goro abin dariya ne. Idan iyali suka nemi a cire wani abu, kamar tabon rauni da mai shi ba ya so, wannan haƙƙinsu ne, amma a tambaya, kada a yanke musu hukunci.

Kuskuren yana da fuska biyu. Na farko shi ne na gogewa, inda ake murje fata har ta koma kamar ta 'yar tsanar roba, kuma wayoyi da yawa suna yin wannan da kansu idan ba a kashe tsarin ƙawata fuska ba. Na biyu ya fi yawa a wurin matasan da suke ganin sun waye da sana'ar, wato a ja maɓallin Clarity, mai ƙara fito da layuka da inuwa, har ƙarshe, a ƙara duhu, kowane layi na fuska ya zama rami, dattijon da yake da gidansa da rufin asirinsa ya fito kamar wanda yunwa ta ci. Irin wannan hoton yana samun yabo a Instagram, amma ban ɗauke shi girmamawa ba, kuma da wuya ɗan mutumin ya rataye shi a ɗakinsa.

Hanya ta tsakiya ita ce a bar layukan a inda suke, a rage zurfin inuwar da ke cikinsu. A Photoshop ana yin haka da burushi mai laushi da aka rage ƙarfinsa zuwa kashi 5 ko ƙasa da haka, ana bin ramin ƙarƙashin ido da layin da ya sauko daga hanci zuwa gefen baki ana ɗan haskaka su, ana kuma ɗan duhunta ƙyallin goshi da na kan hanci. Dabara ce da aka gada daga ɗakin wanke hoto na da, kuma amfaninta shi ne ba ta taɓa ƙwayar fatar. A Lightroom, maɓallin Texture, mai fito da ƙwayar fata ko laushe ta, da aka ƙara a 2019, ya fi Clarity sauƙin hali a kan fata, amma shi ma a ja shi kaɗan, a kan fuska kawai, a bar gemu da gira da saƙar hula da kaifinsu. Bayan kowane mataki a kunna gyaran a kashe a kwatanta, in bambancin ya yi tsalle ya shiga ido, an wuce gona da iri.

Ido a taɓa shi da tsoro. Ɗigon hasken da ke cikin ƙwayar ido ana iya ƙara masa ƙarfi kaɗan, amma farin idon tsoho ba fari ƙal ba ne, kuma zoben toka-toka da yake kewaye baƙin idon tsofaffi da yawa abu ne na shekaru, a bar shi. Yanar ido ma kada a fente ta da baƙi sai da yardar mai ita. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suke "fito da" tsohon hoto suna da haɗari a nan, domin ƙirƙiro ido da haƙora suke yi daga fuskokin da suka koya, kuma sukan ɗauki zanen fuska a matsayin ƙarzuwar takarda su share shi.

Mayar da hoto baƙi da fari yana taimakawa idan launukan baya sun yi hayaniya, sai dai a tuna jan lalle zai tafi tare da su. Wajen datsewa kuma kada a yanke saman rawani ko a tsinke hannu a daidai wuyansa, musamman idan yana riƙe da carbi ko sanda.

Kafin a kai wanki, a nuna wa dattijon da kansa, a allo babba in da hali, saboda ƙarfin ganinsa. Sannan a tuna allon waya ya fi takarda haske, don haka hoton da ya yi daidai a waya yakan fito da duhu a takarda, kuma baƙar fata ce take fara nutsewa, sai a fara wanke ƙarami a gwada kafin babba. Hoto mai inci 8 da 10 yana buƙatar ɗigo 2400 da 3000 idan ana son ɗigo 300 a kowane inci, a kuma fitar da shi a tsarin launi na sRGB, wanda yawancin masu wanki suke aiki da shi. Idan ta WhatsApp za a tura, a tura shi a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar hoto tana matse shi ta cinye ƙananan layukan da aka sha wahalar kiyayewa. A ba iyalin kwafi biyu, wanda aka gyara da na asali.