Yadda Mai Jin Ingilishi Zai Gina Lokaci Mai Zuwa a Turkanci

Wanda ya saba da Ingilishi yakan nemi kalma mai zaman kanta irin "will" da zai ajiye gaban aikatau, amma Turkanci ba ya bin wannan hanya, ɗafa-ƙeya yake liƙawa a bayan saiwar aikatau. Da farko a cire -mek ko -mak daga aikatau kamar yadda yake a ƙamus, sannan a dubi wasalin ƙarshe na abin da ya rage. Idan e, i, ö ko ü ne, sai a ɗafa -ecek. Idan kuwa a, ı, o ko u ne, sai -acak. Ta haka gelmek yake ba da gelecek, wato zai zo, yapmak kuma yapacak, zai yi. Saiwar da ta ƙare da wasali tana buƙatar y a tsakani: okuyacak, zai karanta. A tsarin rubutun da Turkiyya ta ɗauka a 1928, c kamar j ake furta shi.

Daga nan sai alamar mai magana. "Za ka zo" shi ne geleceksin, amma a "zan zo" da "za mu zo" k ɗin yana faɗawa tsakanin wasula biyu, sai ya rikiɗe ya zama ğ, wanda kusan ba a jin sa a baki: geleceğim, geleceğiz. Gara a haddace gidecek (zai tafi, daga gitmek), yiyecek (zai ci, daga yemek) da diyecek (zai ce, daga demek) tun da wuri, domin saiwoyinsu suna sauyawa. Korewa gelmeyeceğim ne, wato ba zan zo ba, tambaya kuma gelecek misin, wato za ka zo?

Inda aikin yake, a ganina, shi ne sanin inda bai kamata a yi amfani da -ecek ba. Wannan ɗafi na abin da aka ƙudurta ne ko ake da tabbacin aukuwarsa. Tayin taimako da shawarar da mutum ya yanke nan take, waɗanda Ingilishi yake sa musu "will", Turkawa da lokacin da suke kira geniş zaman, wato lokacin abin da aka saba yi, suka fi faɗin su: ben yaparım, ni zan yi. Haka ma roƙo: kapıyı açar mısın, ko za ka buɗe ƙofar? Wanda ya ce açacak mısın tambayar niyya ya yi, kuma tana iya fita da sautin gajen haƙuri. Tafiyar da aka riga aka tsara kuwa lokaci mai ci ma ya wadatar da ita: yarın gidiyorum, gobe zan tafi.

A hira za a ji gelicem da yapıcam a maimakon geleceğim da yapacağım (zan yi); a saba wa kunne da su, amma a rubutu a cika kalmar.