Darasi na 9: Yaron da ƙwayar marainansa ba ta sauko ba

Iyaye, sannunku da ƙoƙari. A karanta a hankali, babu gaggawa.

Kashi na 1: Dubawa

Ɗa namiji yana da 'ya'yan maraina biyu a jakar fatar da ke ƙarƙashin gabansa. Tun yana cikin uwa suke saukowa. Wani lokaci ɗaya takan maƙale a hanya, galibi a matsematsi. Cikin jarirai maza 100 da suka cika watanninsu, kusan 3 haka ake haifarsu. Abin ya fi yawa ga bakwaini.

Bayan wanka da ruwan ɗumi, ki kwantar da shi rigingine. Ki ɗuma hannunki tukuna. Ki taɓa dama a hankali, ki ce "ɗaya". Ki taɓa hagu, ki ce "biyu".

Na ce ki ɗuma hannu, domin a nan aka fi kuskure. Sanyi yana sa ƙwayar ta noƙe sama ko da lafiyarta lau. Wata a ajinmu ta duba ɗanta da asuba a hunturu, hannunta da sanyin ruwan alwala, ta zo tana kuka. Da aka sake dubawa bayan wanka, ga su nan biyu. To, ruwan ɗumi, hannu mai ɗumi, sannan ƙirga. Ki sake gwadawa gobe. Za ki iya.

Kashi na 2: Abin da tiyata ke haifarwa

Idan yaro ya kai wata 6 ba ta sauko ba, da wuya ta sauko da kanta. Likitoci sun fi son yin aikin tsakanin wata 6 da wata 18. Akan sa shi barci, a sauko da ƙwayar, a ɗinke ta a jaka, sau da yawa a sallame shi ran nan. Wadda aka sauko da ita daga matsematsi, sama da 90 cikin 100 takan zauna daram a jaka.

Me ya sa ake hanzari? Zafin cikin jiki yana lalata ƙwayar. In ɗaya ce kuma aka yi da wuri, yaro yakan haihu kusan kamar kowa. In duka biyu ne, haihuwa tana iya raguwa. Haɗarin sankara kuma yana raguwa in an yi kafin balaga, ko da yake bai gushe gaba ɗaya ba.

Amma kullum sai in ji, "Malama, bari sai lokacin kaciya." Haba! Ku ajiye yaro har shekara bakwai? Wannan sakaci ne, kuma ba aikin wanzami ba ne. Maigida, da kai nake.

Kashi na 3: Bayan aiki

Kada a shafa komai a ɗinkin. Zazzaɓi, mugunya ko kumburi mai ƙaruwa, a koma asibiti. A kiyaye ranar da likita ya rubuta.

Aikin gida

Rubuta watannin ɗanki da lamba. Ki ɗuma hannu, ki ƙirga.