Jakar Cefane Daga Tsohon Zani Da Buhun Shinkafa

Zanin atamfa ba ya mutuwa gaba ɗaya. Ki ɗaga shi ki duba ta hasken rana: tsakiyar da ake zama a kai ce ke fara yin shara-shara, amma gefe da gefe na nan da ƙarfinsu. Da su nake ɗinka jakar cefane, in yi mata shafi da buhun shinkafa. Na shinkafa fa, ko na sukari. Ban da na takin zamani, tunda abinci za a zuba.

Ki wanke buhun ki shanya, ki yanko faɗin inci 18, tsawon inci 36. Da kin sa masa almakashi zai fara warwarewa, don haka ki kunna kyandir ki bi bakin da wuta sama-sama, ya ɗan narke ya kame. Atamfar kuma inci 18 da 40, don a sami na kalmasa. Ki goge ta tun yanzu. In ta haɗu da buhu an gama maganar guga, dutse na taɓa shi zai naɗe.

Ki shimfiɗa atamfar a kan buhun, fuskarta na sama, ki kalmashe rarar inci bibbiyun nan ta rufe bakin buhun sama da ƙasa, ki bi da ɗinki. Allura mai lamba 16 nake sa wa kekena, tsohuwar Butterfly ta ƙafa, kuma ina buɗe ɗinkin. In ya matsu da yawa, allurar kan yanka zaren buhun ne kawai.

To, ga inda aikin yake: hannu. Ta farko da na yi, a bakin jakar na liƙa hannayen, ina ta yaba kaina. Ranar da na zuba mata doya biyu da kwanon wake da tumatir, ban kai bakin titi ba hannu ɗaya ya ɓalle. Tumatir har ƙarƙashin a-daidaita-sahu, yara na taya ni tsinta suna dariya. Tun daga ranar hannu sai ya zagaya ta gindi.

Daga ɗaya gefen zanin ki yanko dogayen ƙyallaye biyu, kowanne faɗin inci 4, tsawon inci 56. Ki haɗa bakunansu su zama zobe guda, ki ninka huɗu ya dawo inci ɗaya, ki ɗinke. Ki kwantar da shi a kan atamfar tun tana shimfiɗe, layi biyu, tazarar inci 6 a tsakani, madauki na leƙowa ta kowane baki. Mahaɗin ya faɗo a tsakiya, inda zai zama gindin jaka. Ki ɗinke kowane layi gefe biyu, a bakin jakar kuma ki koma baya sau uku. Yanzu nauyi a kan igiyar yake zaune, ba a kan ɗinki ba.

Saura mai sauƙi ne. Ki ninka biyu buhu na waje, ki ɗinke gefunan sau biyu, ki tsuke kowace kusurwar ƙasa ki datse ta da ɗinkin inci 4 don ta sami mazauni, sai ki juyo ta.

Wadda ba ta da keke ma za ta iya da hannu, da zare ruɓi biyu, sai dai yatsa zai gaya mata. Tawa ta yanzu ta ci damina biyu, kuma in manja ya zube ciki, juyo ta nake yi in goge da soso.